Zancen Tabarma: Nem na kifi, a gwada a gida kafin a taɓa asusu

Da fatan zubin wannan mako ya cika, ba wadda aka ci tara.

Abin da ya kawo zancen yau, ranar zubi ne wata ƙanwarmu ta ɗaga hannu ta ce tana son bashin jika 15. Muka ce me za ki yi da su? Ta ce nem. Ashe biki ta je Damagaram, kafin a zubo shinkafa aka kawo wani abu a faranti, soyayye, tsawonsa kamar ɗan yatsa, bayansa ƙaras-ƙaras, cikinsa kifi da kayan lambu. Ta ce wallahi kafin ta miƙa hannu na biyu faranti ya koma wayam. Ga azumi na tafe, tana ganin za ta samu ciniki wajen buɗa-baki.

Ma'ajiyarmu ta dube ta, ta ce, "Ke ƴar nan, kin taɓa yin shi da hannunki?" Ta ce, "A'a Yaya, amma na tambaya an gaya mini." Aka yi dariya. Ba mu hana ta ba, ba mu kuma buɗe akwati ba. Muka ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kowa ta kawo abin da take da shi mu yi a gida tukuna.

Shi wannan abinci asalinsa daga Biyetnam yake, can gabashin duniya. Faransa ta mallake su kamar yadda ta mallake mu, ta kuma kwashi sojoji daga ƙasashenmu zuwa yaƙin da ta yi can, wanda ya ƙare a 1954. Wasu sojojin Senegal suka dawo Dakar da matan da suka aura a can, su kuma matan suka riƙa yin nem suna sayarwa. A hankali ya bazu biranen yankinmu. Kun ga ke nan, tun farko sana'ar mata ce. Masu zama bakin teku suna sa ƙaguwa da jatan lande, su naɗe a siririyar takarda ta garin shinkafa. Mu ba mu da teku, amma muna da bandar tarwaɗa, da sardin na gwangwani, da busasshen jatan lande da ake kawowa daga Najeriya. Kabeji da albasa kuwa, ai garakenmu na Matamaye ba su bar mu da roƙo ba.

Ga yadda muka yi. Farko fatar naɗi: fulawa kofi 2, ruwa kofi 3, gishiri kaɗan, mai cokali 1. A dama har ya yi tsululu kamar koko, a tace kada a bar gudaji, a ajiye ya huta rabin awa. A ɗora kasko mai shimfiɗaɗɗen ciki a kan wuta marar ƙarfi, a goge shi da ɗan tsumma mai mai. A zuba ludayi ƙarami, a juya kaskon ƙullin ya bi ko'ina, siriri har ana hango ƙarfen. Da bakinsa ya ɗago a ɓare shi, ba a juya ɗaya gefen. A jera a rufe da tsumma mai laima, in ba haka ba iska ta busar da su su karye.

Sai kayan ciki. A jiƙa bandar kifi a ruwan zafi, a wanke yashi, a zauna a cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya. A nan ba a gaggawa, don yaro ba ya duba abin da ke cikin naɗi, haɗiyewa yake. In sardin ne a tsiyaye mansa. A yanka kabeji da karas siri-siri, a soya albasa da tafarnuwa da citta da ɗan attarugu, a zuba kayan lambun, sannan kifin da dakakken jatan lande cokali 2. A yi ta juyawa har ruwan ya ƙone ƙaf. A sauke, a bari ya huce sarai.

A ɗora cokali 1 kusa da bakin fatar, a naɗe sau ɗaya, a lanƙwaso gefe da gefe, a ƙarasa naɗewa tamau, a liƙe bakin da ɗan ƙullin fulawa. Kafin a saka a mai, a jefa ɗan guntun fata. In ya taso nan take yana kumfa, mai ya yi. A soya biyar-biyar har su yi ja. Abin dangwalawa kuma ruwan lemun tsami ne da barkono da gishiri da ɗan sukari, a haɗa da ganyen salati.

To, kada ku ce lafiya lau muka gama. Zubin farko mun naɗa 30, 9 suka fashe cikin mai, har mai ya fallatsa wa ɗayarmu a hannu. Laifinmu ne: mun ƙosa, muka naɗe kayan da zafinsu da sauran ruwa a jiki. Na biyu da muka yi haƙuri, ko ɗaya bai fashe ba.

Da aka cinye, sai magatakardarmu ta ɗauko littafi. Nan ne ido ya raina fata. Mai shi ne ya fi komai ci, ga shi bayan suya biyu ko uku ya fara baƙi da ƙarnin kifi, ba ya komawa miya ko ƙosai. Ga gawayi. Ga aikin fatar da ya cinye wa mata biyu hantsi guda. Sannan abin kifi ne, a zafin nan namu, ba firiji, ba ya kwana. Ƙosai in ya yi kwantai a ci da koko. Wannan in ya yi kwantai, ko a zubar ko a kwana da ciwon ciki.

Don haka muka tsayar da magana: nem ba abin ɗora wa yarinya a tire ba ne ta yi ta yawo a rana. Abin oda ne, na suna, na biki, na buɗa-baki, a san adadi, a karɓi rabin kuɗi tun kafin a hura wuta. Ƙanwar tamu da kanta ta ce a rage, jika 5 sun ishe ta farawa. Aka ba ta, kowa na shaida.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe asusu ke nan: kuɗin ba na mutum ɗaya ba ne. A cikin akwatin nan akwai kuɗin irin shukar wata, akwai na maganin ɗan wata. Mai son sabuwar sana'a ta fara gwadawa a tukunyarta, ta rubuta abin da ta kashe, sannan ta zo tabarma.

Wadda ta gwada, ta aiko mana da labari ranar zubi, har da yawan waɗanda suka fashe. Allah Ya sa albarka a nemanmu.