Kalmar Abuse Ba Zagi Kaɗai Ba Ce

Akwai wata kalma ta Turanci wadda 'yan boko da tafintoci da yawa suka yi wa gurguwar fahimta, watau abuse. Tun yaro yana makaranta a kan koya masa cewa ma'anarta zagi, ya riƙe haka har ya kama aiki. Wannan kuskure ne, ba kuwa ƙarami ba.

Asalin kalmar daga harshen Latin ta ke, ma'anarta yin amfani da abu ta hanyar da ba ta dace ba. Ma'anar zagi daga baya ta shigo. 'Yar'uwarta misuse ta fi ta sauƙi, gama wanda ya yanke farce da almakashin tela cikin rashin sani misuse ya yi. Amma abuse ta kan zo da ganganci da cuta.

Ga inda haɗarin ya ke. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na 5, ya hana ma'aikacin gwamnati abuse of office. Tafintan da ya gaya wa talaka wai an hana "zagin ofis" ya kifar da doka ke nan. Talaka sai ya kame bakinsa don tsoro, alhali kuwa mai kujera aka ja wa kunne, kada ya yi zalunci da ikon da aka ba shi amana.

Saboda haka wajibi ne duk mai cin albashin fassara ya riƙa buɗe ƙamus. In ya ƙi, shi ma ya ci amanar aikinsa, sunan laifinsa da Turanci kuwa abuse.