Yabon haya: wa ke raɗa wa na'ura sunan hajar da za ta nuna muku?



Satin da ya wuce ina fitowa daga istidiyo bayan shirin safe, wani matashi ya tare ni bakin ƙofa. Yaro mai tsabta, ya yi lakkol, Faransancinsa ba gargada. Ya ce: "Yaya, aiki na kawo maka." Aikin shi ne in rubuta ƴan kalmomi a shafina, in ce na sayi batirin sola a wani butik, shekara biyu ke nan bai taɓa ba ni matsala ba. Jika 15 nan take. Ya ce yana da wasu mutum talatin da za su rubuta irin haka, kowa da sunansa, kowa da salon maganarsa, wasu da Hausa wasu da Faransanci.

Na ce masa: "Ƙanena, ni ban taɓa taka butik ɗin nan ba." Ya yi dariya, ya ce ai ba don mutane kaɗai ake yi ba. Don na'ura ake yi.

Maganar nan ce ta hana ni barci, ita ce kuma na kawo muku yau.

Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, yadda mutane ke neman labari ya fara canzawa. Da, in ka tambayi Google, sai ya jero maka shafuka, ka shiga wannan ka leƙa wancan, ka auna da hankalinka. Yanzu ƙirƙirarriyar basira, IA kamar yadda ƴan lakkol ke cewa, amsa guda take miƙo maka a dunƙule, cikin murya mai natsuwa kamar ta dattijo. Google ma ya bi sahu, a watan Mayun 2024 ya fara ɗora irin wannan amsa a saman sakamakon bincike a Amurka, daga baya ya kai ta wasu ƙasashe.

To ina na'urar ke samo amsar? Ba ta taɓa zuwa kasuwar Katako ba, ba ta taɓa ɗaga batiri ta ji nauyinsa ba. Abin da mutane suka rubuta a fili cikin intanet take tattarawa. Sunan da ta yi ta cin karo da shi kusa da kalmar "mai kyau", shi ne zai fi saurin fitowa bakinta. Kamfanonin talla na Turai da Amurka sun gano haka, har ya zama sana'a: a cusa sunan haja cikin hirar jama'a, kamar wani ne kawai ya saya ya ji daɗi. Yaron da ya tare ni bai ƙirƙiro komai ba, kwaikwayo ya yi.

Kuma na'urar nan ana ruɗinta, wallahi cikin sauƙi. A watan Mayun 2024 ɗin nan, mutane suka tambayi Google yadda za a hana cuku zamewa daga kan fiza, gurasar nan ta Italiya. Sai ya ce a zuba ɗan gam cikin miyar. Gam fa, na manna takarda! Da aka bi sawu, ashe wani ne ya rubuta haka da wasa wajen shekara 11 baya, na'ura ta ɗauka da gaske. Idan barkwancin mutum ɗaya ya yi wannan, ku ƙiyasta abin da ƙaryar mutum talatin da aka shirya da gangan za ta yi.

Wani zai ce: "Malam, talla ce kawai, ku ma a rediyo da ita kuke ci." Gaskiya ne, da kuɗin sanarwa ake biyan lantarki da albashinmu, ban musa ba. Amma in zan karanta talla, akwai kiɗan da ke shiga, akwai muryar da nake canzawa, tsohuwa a ƙauye ma ta san yanzu an shiga fagen talla. Maroƙi in ya tsaya gidan biki yana wasa Alhaji, kowa ya san za a ba shi, shi ya sa ba wanda ke ɗaukar kirarinsa a matsayin shaida gaban alƙali. Dillali a kasuwar dabbobi yana cin la'adarsa a gaban mai saye da mai sayarwa. Duk waɗannan sana'o'i ne na fili. Abin da yaron nan ya kawo mini shi ne maroƙi ya sa rigar maƙwabcinka, ya zauna kusa da kai kan tabarma, ya ce shawara yake ba ka don Allah. Wannan sunansa zamba cikin aminci.

Wa ke biyan kuɗin zambar? Mace mai sayar da ƙanƙara da ta tara adashi wata takwas ta sayi batiri, ya mutu kafin damina. Yau batiri ne, gobe kuma man shafawa mai ƙona fata, jibi maganin ciwon suga da ba likitan da ya san shi. A wajen magani ba kuɗi kaɗai ake asara ba.

Can inda abin ya faro sun fara ɗaukar mataki. A 2022 kamfanin Amazon ya kai ƙarar masu kula da gurup sama da 10,000 na Facebook inda ake cinikin yabon ƙarya. Faransa ta yi doka ranar 9 ga Yunin 2023, wadda ta tilasta wa duk mai mabiya da aka biya ya yi talla ya rubuta a fili cewa talla ce. A watan Agustan 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta haramta saye da sayar da yabon ƙarya, har da wanda na'ura ta rubuta, tara tana iya wuce dala 50,000 kan laifi guda. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Amma in na tsaya kan zagin yaron nan ban yi adalci ba, don ya ga wata gaskiya da manyan ƴan kasuwarmu ba su gani ba. Na'ura ba ta san mu ba. Na gwada da kaina: na tambayi ɗaya daga cikinsu inda zan samu kilishi mai kyau a Maraɗi. Ta yi mini dogon bayani kan mene ne kilishi, amma ba ta iya nuna mini rumfa ko ɗaya ba. Kilishin da ƙungiyar OAPI ta yi wa rajista da sunan Nijar, shi da albasar Galmi!

Dalili a fili yake. Kasuwancinmu duk cikin WhatsApp yake, cikin saƙon murya da kuma istati mai gogewa bayan awa 24. Saƙon WhatsApp a kulle yake, injin bincike ba ya karanta shi. Hausar da ke rubuce a intanet kuwa, mafi yawanta ba daga Nijar ta fito ba, shi ya sa za ka yi tambaya da Hausa a ba ka farashi da naira. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma mu da kanmu nawa muke rubutawa da ita? Gonar da mai ita bai shuka ba, ciyawa ce ke cinye ta. In masu gaskiya sun yi shiru, na'ura za ta koyi sunan garuruwanmu daga bakin masu yabon haya.

Don haka ga shawarata.

Kai mai butik, ka rubuta kanka da kanka. Sunan shago, unguwa, abin da kake sayarwa, farashi, garanti in akwai, da Hausa da Faransanci, a wurin da kowa ke iya gani. Sa shago kan taswirar Google kyauta ne. In wani ya yi tambaya kan sana'arka, ba shi amsa mai amfani, ka faɗi cewa kai mai sayarwa ne. In an yi ƙorafi, kar ka goge, ka gyara a gaban jama'a. Ka roƙi wanda ya saya da gaske ya faɗi abin da ya gani, ko da bai yi maka daɗi duka ba.

Mu ƴan rediyo, da ku masu dubban mabiya, in an biya mu, mu rubuta "talla" a layin farko. Kalma ɗaya ce. Amanar da muka yi shekaru muna tarawa ta fi jika 15.

Ke kuma mai saye, kai mai saye, amsar na'ura ba fatawa ba ce. In kun ga yabo ashirin sun zo rana ɗaya, duk ba mai aibu ko guda, ku yi hattara. Ku tambayi wanda kuka san fuskarsa, ku nemi takardar saye.

Yaron nan ban kore shi ba. Na ce masa basirar da ke gare shi ta isa ya ci halal: ya shiga babbar kasuwa rumfa-rumfa, ya rubuta wa masu kilishi da maɗinka da masu gyaran talho bayaninsu na gaskiya, su biya shi ladan aikinsa. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani. Ban sake ganinsa ba, jika 15 ɗin ma ta tafi da shi.

Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu da cin amana. Sai mun haɗu a shirin gobe da safe, in Allah Ya kai mu.