JAN HANKALI: Idan Gefe Ɗaya Na Maƙogwaron Yaro Ya Kumbura, Likita Ya Kamata Ya Fara Gani



A gidajenmu, da zarar yaro ya fara wahalar haɗiya aka leƙa bakinsa aka ga kumburi, hanya biyu muka sani. Ko dai a kira wanzami a ce beli ne ko hakin wuya, ko a wuce kemis a sayo kafso. Muna kira ga iyaye da su dakata da duka biyun idan kumburin a gefe ɗaya yake.

A can cikin maƙogwaro akwai tsoka guda biyu, dama da hagu, waɗanda likitoci ke kira tansil. Ba su ne beli ba, shi beli a tsakiya yake reto. Aikinsu taya jiki yaƙar ƙwayoyin cuta, shi ya sa sukan yi girma ga ƙananan yara, su ragu idan yaro ya tasa. Kumburinsu tare abu ne da aka saba gani. Wanda ke buƙatar a duba shi da kyau shi ne ɗaya ya fi ɗaya girma.

Kada hankali ya tashi. Mafi yawan yaran da ake gani da haka ba su da wata muguwar cuta. Wani lokaci ma girmansu ɗaya ne, ɗayan ne ya fi shigewa ciki. Idan yaro yana ci, yana wasa, yana barci lafiya, likita kan ce a koma gida a dawo bayan 'yan makonni ya sake dubawa. Wannan ba sakaci ba ne, don haka a kiyaye ranar komawa.

Amma akwai alamomin da ba a jira a kansu. Idan yaro yana zazzaɓi mai zafi, ya kasa buɗe baki, miyau na zuba, muryarsa ta shaƙe, wataƙila mugunya ce ta taru a bayan tansil ɗin. Idan aka ga wani fari-fari mai toka-toka ya rufe wurin, wuya ya kumbura, a tuna da mashaƙo, wadda ta kashe yara da dama a Kano, Yobe da nan Bauchi a 2023. Waɗannan na asibiti ne a ranar, ko da tsakar dare ne.

Sai kuma wanda ba ya zuwa da hayaniya: gefe ɗaya yana ta girma cikin makonni, ko ya sauya launi, ko ya yi gyambo, ga kaluluwa a wuya da ba ta sauka, yaro yana ramewa, yana jiƙa shimfiɗa da gumi da dare, ko ya fara minshari da bai saba ba. A nan likitoci ke tsoron sankarar da ake kira limfoma. Akwai nau'inta da wani likita, Denis Burkitt, ya bayyana a Yuganda a 1958. Tana kama yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa irin namu, tana girma da sauri ƙwarai, amma tana jin magani idan an kama ta da wuri.

Ga babban dalilinmu. Idan likita ya yi zargi ya cire tansil, ba ya zubar da shi. Ɗakin gwaji ake kai naman a duba, a nan ne kawai ake tabbatar da ko sankara ce. Abin da aska ta yanka a zaure kuwa binne shi ake yi, an binne shaidar ke nan, cutar kuma tana ci gaba a jiki. Ga haɗarin zubar jini, domin manyan jijiyoyin jini na wucewa kusa da wurin, ga sandarewar jiki da ciwon hanta da ƙarfe marar tsafta ke jawowa.

Mun san uzurin mutane: kuɗin mota daga Gamawa, Zaki ko Yana, kuɗin kati, ga dogon layi, alhali wanzami na nan bayan gida. Gaskiya ne. Sai dai Allah Ya sa Asibitin Tarayya yana nan cikin Azare, idan abin ya fi ƙarfinsa akwai asibitin koyarwa na Bauchi da na Malam Aminu Kano. Kuɗin dubawa a yau bai kai abin da za a kashe ba idan ciwo ya ci jiki.

Wanzamanmu iyayenmu ne, kuma sau da yawa su ke fara leƙa bakin yaro. Muna roƙon sarakunan aska su ja hankalin yaransu: duk wanda ya ga kumburin gefe ɗaya ya mayar da aska cikin zabira, ya tura asibiti. Masu kemis su daina sauya wa yaro kafso bayan kafso. Ma'aikatan ƙananan asibitoci kuma su riƙa rubuta takardar turawa da wuri. Mu 'yan ƙungiya, wanda ya ji maƙwabcinsa ya rasa kuɗin mota ya sanar, a haɗa hannu.

A tura wannan ga iyaye mata. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.