Mai Zane, Layik Ba Ya Sayen Data

Jama'a, akwai wata shawara da ake ta yi wa ƙananan masu zanen kwamfuta da waya, kuma ni dai na gaji da jin ta. Wai ka buɗe shafi a ko'ina: Instagram, TikTok, X, Facebook, Pinterest, Behance, ka riƙa ɗora aiki kullum, mabiya za su zo, kuɗi zai biyo baya. Wallahi wannan shawara ce ta wanda bai taɓa kwana yana gyara inuwar fuska ɗaya a allon waya ba.

Zane mai kyau yana cin kwana biyu, uku, wani ma mako. Yaushe mutum ɗaya zai yi zanen, ya ɗauki bidiyon yadda ya yi shi, ya yanka, ya sa sauti, sannan ya bi shafuka shida yana amsa mutane? Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle shida. Ga data, wadda a farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara wa kuɗinta har kashi 50 cikin ɗari. Ga wuta, kowa ya san halin da ake ciki.

Sannan su waɗannan dandalin ba don mai zane aka gina su ba. Tun 2021 shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya fito ya ce manhajar ta wuce matsayin wurin ɗora hotuna kawai, bidiyo suka sa a gaba. Ma'ana, kai da ke da hoto tsayayye an tura ka bayan layi. Abin da kamfanin ke so shi ne mutum ya daɗe yana kallo don a nuna masa talla. Zanenka kuwa daƙiƙa biyu ake kallonsa a wuce.

Wasu kuma sai su ce to ka koma inda ƙwararru suke. Madalla, amma mu duba. A ƙarshen 2022 DeviantArt ta fito da nata injin ƙirƙirarriyar basira mai haɗa hoto, masu zane suka yi ca a kanta. A watan Disamba na shekarar, masu zane a ArtStation suka cika shafin da hotunan zanga-zanga saboda hotunan inji sun mamaye wurin. A 2024, da maganar Meta na koyar da injinta da abin da mutane suka ɗora a fili ta bazu, dubun dubatar masu zane suka kwashe kayansu suka koma Cara. Cara wuri ne mai mutunta mai zane, ban musa ba. Amma wa ke can? Masu zane 'yan'uwanka. Za su yaba maka, za ka koyi abubuwa, sai dai mai zane ba ya sayen zane. Kamar ka kai tumatir kasuwar da kowa tumatir ya kawo ne.

To tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka, ɗan'uwa, ita ce: wa zai biya ni, kuma ina yake yini?

In a nan gida kake neman ciniki, masu biyanka sanannu ne. Marubuciyar da ke son bangon littafi. Hajiya mai turaren wuta ko yajin daddawa da ke son tambari. Ango mai son katin biki. Mai son a zana masa mahaifiyarsa ya ba ta kyauta. Mai shirya fim da ke son fosta. Waɗannan mutanen a Facebook da WhatsApp suke. Ba su san Behance ba, kuma ba su da niyyar sani. Duk mai ce maka Facebook na tsofaffi ne ko na 'yan ƙauye, tambaye shi ko shi ya taɓa sayen zane ko sau ɗaya.

In kuwa kamfanonin waje kake hari, masu wasannin kwamfuta ko littattafan yara, to a nan Behance ko ArtStation ke da amfani. Ka zuba aikinka goma mafi kyau a tsare, ba tarkace ɗari ba. Amma kafin ka yi mafarkin dala, ka fara sanin ta inda za ta shigo, don an yi shekara da shekaru a baya PayPal bai bar ɗan Najeriya ya karɓi kuɗi a asusunsa ba, sai dai ya tura. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Na san za a ce ai wane a TikTok ya fashe, yanzu har turawa na nemansa. Gaskiya ne, ana samu. Amma mutum nawa suka ƙona data shekara guda ba wanda ya san da su? Su ba a kawo labarinsu. In kana jin daɗin yin bidiyo, yi abinka, Allah Ya ba da sa'a. Abin da na ƙi shi ne a mayar da shi farilla, har yaro mai hannu ya ɗauka bai iya zane ba don mutum 12 kacal suka danna masa layik.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Duk shafin da kake taƙama da shi, haya kake. A watan Yunin 2021 gwamnati ta rufe Twitter a Najeriya, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Wata bakwai. Wanda duk cinikinsa a can yake, ina ya nufa? A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida, don duk gidan mutum ɗaya ne. Ina 2go da muka raina dare a kansa? Ina BBM? Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ga tawa shawarar, kyauta. Zaɓi dandali ɗaya inda masu biyanka suke, ka riƙe shi da kyau. Ƙara ɗaya don ajiye kundin ayyukanka. Lambar duk wanda ya taɓa sayen aikinka, rubuta ta har a littafi. Asalin zanenka ya zauna a filas ko kwamfuta, abin da za ka ɗora ya zama ƙaramin kwafi mai sa hannunka a jiki. Kada ka ɗora alƙalami sai an ba da kafin alƙalami, kuma cikakken aiki ba ya fita sai alat ya shigo.

Mu kuma 'yan kallo, mu ji tsoron Allah. "Kai, wannan yaro akwai baiwa" ba ya sayen ko katin ɗari biyu. In aikin ya burge ka, saya. In ba hali, tura wa wanda zai saya, da sunan mai shi a jiki, ba a yanke ba.

Masu zane da ke nan, ku faɗa mana gaskiya: a ina cinikinku na ƙarshe ya fito? Allah Ya sa wa sana'a albarka.