Jan Biron Malami Ya Kamata Ya Yi Bayani

'Yan uwa malamai da iyalanmu, a yawancin jami'o'in ƙasar nan ɗalibin lissafi ko fiziks ko injiniyanci yakan haɗu da darasin difarenshiyal ne a aji biyu, kwas ɗin da sassa da dama ke kira MTH 202. Lissafi ne na canji: a faɗa wa mutum saurin da abu ke ƙaruwa ko raguwa, a nemi ya gano yadda abin zai kasance a kowane lokaci. Da shi ake lissafa hucewar ruwan zafi, da yaɗuwar annoba, da gudun lantarki a cikin waya. Kwas ne kuma da ɗalibai ke tsoro, domin wanda ya faɗi sai ya maimaita, wani lokaci har ya ƙara shekara, iyaye su sake biyan kuɗin rajista da na ɗaki. Ra'ayinmu shi ne, ɗalibin da aka ɗora wa wannan nauyi yana da haƙƙin ya san inda ya kuskure, kuma harafin F a allon sanarwa bai isa ya gaya masa ba.

Kashi mai yawa na makin da ake rasawa a wannan darasi a kan alamomin rubutu yake zubewa, kuma rikicin alamomin ya girmi jami'o'inmu. Laibniz na Jamus, wanda ya wallafa aikinsa a 1684, shi ya kawo dy/dx. Niyuton na Ingila ɗigo yake sa wa a saman harafi. Lagranj, a littafinsa na 1797, ya yi amfani da ɗan karan nan na y′ da y″. Ingila ta daɗe tana riƙe da ɗigon Niyuton, har sai da wasu ɗaliban Kembirij, cikinsu akwai Cals Babej, suka kafa ƙungiya a 1812 don a karɓi rubutun Laibniz. Yau duka ukun suna raye a harabarmu. Malamin lissafi ya rubuta dy/dx da safe, malamin fiziks ya sa ɗigo da rana, littafin da ɗalibi ya aro ya zo da y′, wani malamin kuma ya taƙaita komai da babban D. Ma'ana ɗaya ce, amma ɗan shekara goma sha tara da ba a taɓa jera masa su a shafi guda ba zai iya ɗauka abubuwa huɗu ne daban.

Ga misali. An ba ɗalibi dy/dx = 2y, aka ce y tana daidai da 3 lokacin da x take sifili. Ya raba haruffan yadda ya kamata, ya kai ga ln y = 2x + C. Daga nan sai ya rubuta y = e²ˣ + C, alhali daidai shi ne y = Ae²ˣ, wanda zai ba da y = 3e²ˣ. Wannan yaro ya fahimci hanyar darasin. Ƙa'idar logaridim ta sakandare ce ta kayar da shi a layi ɗaya. Wani kuma ya karanta d²y/dx² kamar (dy/dx)², ya warware tambayar da ba a yi masa ba. Na uku bai san ta inda zai fara ba sam. Ciwo uku ne, maganinsu daban-daban, amma idan kowannensu gicciye ja kawai ya samu, dukansu za su koma su haddace tsofaffin tambayoyi, su dawo baɗi da kuskuren bara.

Akwai tsarin da yawancinmu muka sani. Duk wanda ya taɓa makin lissafi a WAEC ya san M1 da A1 da B1: makin hanya, da makin amsa daidai wanda ya dogara da hanyar, da makin da ke tsaye da kansa. Da yawa cikinmu muna amfani da irinsa a jami'a, tare da alamomin kanmu: da'ira a kan layi, alamar tambaya a gefe, gajerun kalmomin Turanci. Sai dai ɗalibi bai san fassararsu ba, sau da yawa ma takardar ba ta komawa hannunsa, ko da ta gwajin tsakiyar zango ce, wadda ke cikin maki 30 na aikin zango kafin 70 na jarrabawa. Gwajin da ba a ga sakamakonsa ba sai bayan jarrabawa ya rasa dalilin yinsa.

Mun san abin da abokan aiki za su ce, kuma suna da gaskiya. Malami ɗaya da ɗaruruwan takardu, ga wa'adin miƙa sakamako, ga alawus ɗin ƙarin aiki da ke cikin yarjejeniyar 2009 wanda aka sha fama kafin a biya, ina zai sami lokacin rubuta sharhi? Akwai kuma fargabar cewa nuna takarda zai buɗe ƙofar roƙo da matsin lamba a ƙara maki. Amsarmu ita ce, makin da aka bayar bisa rubutaccen tsari, wanda kowa ya gani, ya fi kare malami daga zargi fiye da makin da ke kulle a kabad. Yawan takardu kuwa hujja ce a hannunmu. Ƙa'idar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa a fannin kimiyya ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 20, kuma za mu fi ƙarfin tunatar da hukuma wannan idan muka nuna abin da ɗalibi ke rasawa saboda an karya ta.

Saboda haka muna ba reshe shawarar ya kai abubuwa huɗu gaban sassa da majalisar jami'a. Na farko, a makon farko a raba wa ɗalibai shafi guda mai jera alamomin darasin da ma'anarsu, wanda malaman lissafi da fiziks da injiniyanci suka amince da shi tare. Na biyu, a liƙa fassarar alamomin maki a allon sashe. Na uku, a mayar da takardun gwaji kafin jarrabawa, a ware awa ɗaya a bi kurakurai biyar da suka fi yawa a kan allo, wanda ya fi sauƙi a kan rubuta sharhi ɗari uku. Na huɗu, a sa rana bayan sakamako da ɗalibi zai duba takardarsa ta jarrabawa a gaban jami'in jarrabawa na sashe, ba tare da ya fita da ita ba. A gefe guda, reshe ya nemi a ɗauki mataimakan malamai da za su taya maki, a kuma lissafa wannan aiki cikin nauyin koyarwa.

Iyaye kuma, idan yaro ya dawo gida da faɗuwa, kafin faɗa a tambaye shi ko ya ga takardarsa, da kuma layin da ya ɓata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna roƙon wakilan sassan kimiyya su zo taron reshe na gaba da daftarin shafin alamomin, don a fara aiki da shi a zango mai zuwa.