Sharhin da Ba Ya Fitowa

Sayayya ta intanet cinikin biri a sama ce. Mai saye ba ya taɓa yadi ya ji kaurinsa, ba ya zura ƙafa a takalmi, ba ya kunna fitila ya ga haskenta. Abin da ya maye masa gurbin hannu da ido shi ne taurarin da ke ƙarƙashin hoton kaya, daga ɗaya zuwa biyar, da kuma sharhin waɗanda suka riga shi saya. Yawancin hayaniyar da ake yi a kan wannan sharhi ta yabon ƙarya ce, wanda ake biyan mutane su rubuta. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sharhin gaskiya da mai saye ya rubuta, ya tura, amma bai taɓa fitowa a shafin ba.

Sai mu fara da darajar tauraro ɗaya a kuɗi. A 2011 Michael Luca na Makarantar Kasuwanci ta Jami'ar Harvard ya haɗa makin gidajen abinci na birnin Siyatil a shafin Yelp da alƙaluman cinikinsu. Shafin yana zagaye maki zuwa rabin tauraro mafi kusa, don haka gidaje biyu da ingancinsu kusan ɗaya ne za su iya fitowa ɗaya da uku, ɗaya da uku da rabi. Wannan ya ba shi damar raba tasirin tauraron da tasirin daɗin abincin. Ya gano ƙarin tauraro ɗaya yana ƙara ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari, kuma a gidaje masu zaman kansu ne abin ya bayyana. A Birtaniya, hukumar kula da gasa da kasuwanni, CMA, ta ƙiyasta cewa sharhin masu saye yana iya tasiri a kan sayayyar da ta kai fam biliyan 23 a shekara. Lambar da ke jawo kuɗi haka, dole a sami mai son murɗa ta.

Hanya mafi sauƙi ita ce tacewa. A watan Janairun 2022 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka, FTC, ta sanar da sulhu da Fashion Nova, kamfanin sayar da tufafi ta intanet da ke Kalifoniya, a kan dala miliyan 4.2. Zargin hukumar shi ne kamfanin ya yi amfani da wata manhaja ta wani kamfani daban mai kula da sharhi, aka saita ta yadda sharhi mai taurari huɗu ko biyar zai fito nan take, mai uku zuwa ƙasa kuma a riƙe shi sai an duba. Daga ƙarshen 2015 zuwa Nuwamban 2019, in ji hukumar, dubban ɗaruruwan sharhin da aka riƙe ba a taɓa sakinsu ba. Kamfanin ya musanta zargin, amma ya biya kuɗin. Wannan ce ƙara ta farko da hukumar ta ɗauka a kan ɓoye sharhi mara daɗi.

A duba lissafin a ga girman ɓarnar. Mu ɗauki misalin riga guda da mutum 100 suka saya suka ba ta maki: 60 suka ba da biyar, 15 huɗu, 5 uku, 5 biyu, 15 kuma ɗaya, domin ɗinkin ya warware ko launin ya zuba a wankin farko. Matsakaicin makinta 4.0 ne, kuma duk mai hankali da ya ga mutum 15 sun ba da tauraro ɗaya zai tsaya ya karanta dalilinsu. In aka riƙe na uku zuwa ƙasa, saura mutum 75, maki ya haura zuwa 4.8. Ba a ƙara ƙarya ko ɗaya ba. Kowane sharhi da ke shafin na gaskiya ne, mai shi ya sayi rigar kuma ya ji daɗinta. Kwandon tumatir ne da aka jera wa manya a fuska, sai dai a kasuwa mai saye yana iya cusa hannu ya tono ƙasa, a nan kuwa ƙasan kwandon yana cikin kwamfutar mai kanti.

Dalilin da ya sa wannan ya fi yabon ƙarya haɗari ke nan. Yabon ƙarya yana barin sawu: kalmomi iri ɗaya, sharhi talatin a rana guda, asusun da bai taɓa sayen komai ba sai jiya. Akwai manhajojin da ke farautar waɗannan alamomi. Sharhin da aka riƙe ba ya barin komai. Mutum ɗaya ne ya san an yi shi, wanda ya rubuta, shi ma yawanci ba ya komawa ya duba.

Akwai tacewar da ake yi tun kafin a rubuta sharhin, wato zaɓen wanda za a tambaya. Kamfani ya tura wa mai saye saƙo: ka ji daɗin kayan? In ya ce e, a kai shi shafin ba da taurari. In ya ce a'a, a kai shi akwatin ƙorafi na cikin gida, inda babu mai gani sai ma'aikata. A Ostireliya, kamfanin masaukai na Meriton ya yi abin da ya fi haka: idan baƙo ya yi ƙorafi, ko an sami matsala irin ta ɗaukewar ruwan zafi, sai ma'aikata su ƙara wasu haruffa a adireshin imel ɗinsa, yadda saƙon shafin TripAdvisor mai neman ra'ayinsa ba zai isa gare shi ba. A 2018 kotun tarayya ta ci kamfanin tarar dalar Ostireliya miliyan 3.

Sai kuma aron suna. A Amazon ana iya haɗa kaya iri ɗaya masu bambancin launi ko girma a shafi guda, su yi tarayya a taurari. A 2023 FTC ta zargi kamfanin Bountiful, mai sayar da ƙwayoyin ƙarin sinadarai, da jingina sababbin kayansa a shafin tsofaffin da suka tara yabo, alhali abin da ke cikinsu daban ne. Ya biya dala 600,000.

Za a ce manyan kasuwanni irin Amazon ba kayansu kaɗai suke sayarwa ba, don haka ba su da dalilin kare wani ɗan kasuwa. Akwai gaskiya a ciki, kuma suna kashe kuɗi a yaƙin. Amazon ta haramta ba da kaya kyauta a madadin sharhi tun 2016, in ban da shirinta na Vine. A 2021 ta kori tambura kusan 600 na 'yan kasuwar Sin. A 2022 ta kai ƙarar masu kula da rukunoni fiye da 10,000 na Facebook da ake cinikin sharhi a cikinsu. Ta ce ta tare sharhin da take zargi fiye da miliyan 200 a 2022, fiye da miliyan 250 a 2023. Amma kasuwar dillaliya ce, tana da la'ada a kan kowane ciniki, a mafi yawan kaya tsakanin kashi 8 zuwa 15 cikin ɗari. Taurari masu yawa suna gaggauta saye, saye kuma yana kawo la'ada. Buƙatarta ta dogon lokaci ita ce mutane su yarda da taurarin, buƙatarta ta yau kuma ita ce su danna su saya, kuma ita kaɗai take yanke hukunci tsakanin biyun. Makin da take nunawa ma, a bakinta, ba matsakaicin lissafi ba ne irin wanda muka yi a sama; na'ura ce ke auna nauyin kowane sharhi bisa sabuntarsa da tabbacin saye, kuma ba a bayyana wa kowa ma'aunin dalla-dalla.

Wani bincike da Sherry He da Brett Hollenbeck da Davide Proserpio suka wallafa a 2022 ya bi diddigin waɗancan rukunoni na Facebook. Tsarin a sarari yake: mutum ya sayi kayan da kuɗinsa, ya ba da taurari biyar, ɗan kasuwa ya mayar masa da kuɗin ta bayan fage. Ta haka sharhin yake samun tambarin tabbacin saye, wanda shi ne abin da muke dogaro da shi. Sun gano Amazon tana goge da yawa daga ciki, amma bayan jinkirin da matsakaicinsa ya wuce kwana 100. Cikin wata uku an sayar da abin da za a sayar. Da zarar an daina biya, maki ya faɗi, masu tauraro ɗaya su ƙaru, waɗannan kuwa su ne mutanen da aka yaudara.

Ba kowace tacewa ce zalunci ba. Dole kanti ya cire zagi, da sharhin da ya fallasa lambar wayar wani, da na abokin gaba da ya zo ɓata kaya, da wanda bai shafi kayan ba sam. Gwajin adalci ɗaya ne: shin ƙa'idar tana hawa kan yabo kamar yadda take hawa kan kushe? Idan aka cire mai tauraro ɗaya don ya yi maganar jinkirin kawo kaya, aka bar mai biyar da ya yaba saurin kawowa, an yi algus, ko da kowace cirewa tana da hujja a rubuce.

Dokoki sun fara kamo zancen. Tun 28 ga Mayun 2022 Tarayyar Turai ta wajabta wa mai kanti ya bayyana ko yana tantance cewa masu sharhi sun sayi kayan, da yadda yake yi. Kafin nan hukumominta sun binciki shafuka 223, a 144 daga ciki suka kasa tabbatar da cewa ana yin abin da ya kamata. A Birtaniya, binciken gwamnati na 2023 ya ƙiyasta kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari na sharhi a rukunin kaya uku na jabu ne, kuma daga Afrilun 2025 CMA tana da ikon cin tara har kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. A Amurka, ƙa'idar FTC da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta hana saye da sayar da sharhi, da tsoratar da mai sharhi, da nuna wa jama'a cewa abin da ke shafi shi ne duka alhali an ɓoye marasa daɗi, da tarar da a lokacin ta kai dala 51,744 a kan kowane laifi. Duk da haka, a ganina akwai lambobi biyu da ya kamata kowane kanti ya ajiye kusa da taurarinsa: sharhi nawa aka turo a kan wannan kaya, nawa aka saki. Ba tare da su ba, hukuma sai ta jira ma'aikaci ya tona asiri ko ta nemi takardun cikin gida.

Mu ma muna ciki. Matasanmu a Kano da Kaduna da Maraɗi suna sayen waya da agogo da takalmi a Jumia da AliExpress da Temu, da taurarin nan suke yanke shawara. Da yawa daga cinikinmu ma a WhatsApp da Instagram ake yi, inda tacewar ta cika ɗari bisa ɗari. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta ta ɗora hoton saƙon wadda ta rubuto mata, "Hajiya kaya sun iso, wallahi sun fi na hoto kyau, Allah ya ƙara kasuwa." Wadda aka kai wa leshi mai zuba ta turo nata saƙon ita ma, amma yana nan cikin wayar Hajiya. Babu shafin da zai karɓe shi, kuma kunya ta hana ta faɗa a rukunin da duk an san juna.

Ga kuma tsoro. A watan Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya ya cika sukari. 'Yan sanda suka kama ta, aka kai ta Abuja, daga baya aka gurfanar da ita a Babbar Kotun Tarayya ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Kamfanin ya ce kalamanta sun wuce sharhi sun zama ɓata suna, wannan kuwa aikin kotu ne ta rarrabe. Abin da ya shafe mu shi ne darasin da dubban masu saye suka ɗauka daga labarin. Amurka ta yi doka tun 2016 da ta hana kamfani ɗaure bakin mai saye ta hanyar sharuɗɗan ciniki; a nan Najeriya hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana aiki a ƙasar da sharhin gwangwani ɗaya ya kai mutum hannun 'yan sanda. Wanda caja ta ƙona masa waya zai buɗe shafin, ya rubuta layi biyu, ya tuna da matar Legas, ya goge. Wannan sharhin babu hukumar da za ta iya neman a fito mata da shi, domin bai taɓa shiga kwamfutar kowa ba.