Ƙwayar Shekara Biyar: Kada Jin Sauƙi Ya Sa Ki Ajiye Ta

An yi miki tiyata, an gama ƙarin ruwan kemo, 'yan uwa sun zo barka, sai zuciya ta raya miki cewa an rabu da sankarar mama. A daidai wannan lokaci ne likita zai rubuta miki wata 'yar ƙaramar ƙwaya, ya ce ki riƙa shan ɗaya kullum har shekara biyar, wata ma har goma. Mata da yawa kan ajiye ta tun ba a je ko'ina ba. A ganina babu asarar da ta kai wannan, domin an sha wuyar babban aiki, sannan an bar ƙofa a buɗe.

Ga dalili. Akwai nau'in sankarar mama da ke girma da sinadarin mata da ake kira isturojin. Ana gane shi ne ta hanyar gwada tsokar da aka ciro, inda takardar sakamako za ta nuna ER ko PR. Idan gwajin ya nuna akwai, wannan magani naki ne. Idan babu, ba zai amfane ki ba. Saboda haka ki tambayi likita abin da takardarki ta ce.

Kina iya cewa: "Ai ni al'ada ta ɗauke mini tuni, ina na ga wani isturojin?" Gaskiya ne mabuɓɓugar ƙwai ta daina aiki, amma kitsen jiki yana ci gaba da samar da shi kaɗan-kaɗan ta hanyar wani sinadari mai suna aromatase. Wannan kaɗan ɗin ya isa ya ciyar da ragowar ƙwayoyin cutar da suka ɓuya, waɗanda hoto ba ya gani, kuma suna iya farkawa bayan shekara goma ko ashirin.

Magungunan iri biyu ne. Letrozole, anastrozole da exemestane suna toshe aikin aromatase, su bar cutar da yunwa, kuma su aka fi bai wa wadda ta daina al'ada. Tamoxifen kuwa yana tare gurbin da isturojin ke kamawa a jikin ƙwayar cutar. Masana da ke tattara sakamakon gwaje-gwaje a Jami'ar Oxford ta Ingila sun nuna a 2011 cewa shan tamoxifen na shekara biyar yana rage mutuwa daga wannan cuta da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15. A 2015 kuma suka nuna cewa ga matan da suka daina al'ada, masu toshe aromatase sun fi shi hana cutar dawowa.

Ba zan ɓoye miki ba, maganin yana da nasa nauyi. Masu toshe aromatase kan kawo ciwon gaɓoɓi da sandarewar yatsu da safe, zafin jiki mai tasowa kwatsam, bushewar gaba, da raunin ƙashi. Tamoxifen ya fi sauƙi ga ƙashi, amma yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya da sankarar mahaifa. Idan kina shan sa kika ga jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi miki wuya, ki tafi asibiti a ranar.

Sauran matsalolin kuwa suna da mafita. Tafiya a ƙafa kullum tana rage ciwon gaɓoɓi. Ana auna ƙarfin ƙashi, a ba da kalsiyam da bitamin D, ko maganin ƙarfafa ƙashi idan da bukata. Wadda letrozole ya wahalar, ana iya sauya mata da wani. Abin da ba ya da kyau shi ne ki daina a ɓoye, ki zo asibiti ki ce kina sha. Ki faɗi damuwarki ko da mai nauyin faɗa ce. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Azumi ma ba ya hana ki, tunda sau ɗaya ake sha a rana: ki mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa-baki. Kada kuma ki haɗa da wani jiƙo ko maganin gyaran jiki ba tare da likita ya sani ba.

Ku kuma maigida da 'ya'ya, kuɗin wannan ƙwaya ya shiga lissafin wata kamar kuɗin hatsi. Ku sayo sabon kwali kafin na hannu ya ƙare. Idan Mama ta ce gwiwa na damunta, kada ku ce tsufa ne. Ku rubuta, ku raka ta ganin likita. Kuma kada wanda ya ce mata ta warke ta huta da magani, sai likitan da ya ɗora ta a kai ya ce wa'adi ya cika.